Bangon Gabas

Hannatu, Dauda, Lami, ku nake yi wa wannan rubutu, ku da 'ya'yanku. Kun san ni, ba na dogon zance. Makaranta ban yi ba, ɗan karatun da na iya a ajin baftisma na tsince shi. In kun ga harafi a karkace ku gyara, amma kada ku taɓa maganar. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ɗan littafin nan mai shuɗin bango da Lami ta kawo mini nan Tudun Wadan Zariya daga bikin cocin garinmu, Rafin Tsamiya. Ta karanta mini sau ɗaya, na karɓa na bi da yatsa sau biyu. A shafin farko an ce wani Bature ne ya gina tsohuwar majami'a. A na biyu an ce ginin ƙasa ne, tsufa ya kayar da shi, da kuma bakin wasu da ba sa son ci gaba. A na uku an ce babu abin da ya rage na tsohon ginin. Shafi uku, ƙarya uku. Bakin da ake nufi nawa ne, kowa a ƙauyen ya sani, ku ma kun tashi kuna jin ana ce muku 'ya'yan mai baki ba ku san dalili ba. To ga dalilin.

Bature ya zo, gaskiya ne. Sau ɗaya ya zo, bayan an gama rufi. Ya yi addu'a, ya ɗauki hoto, ya sha ruwan da ya zo da shi, ya koma. Bishara ma ba shi ya kawo mana ba. Wani ma'aikacin reluwe ne, mutumin kudu mai Hausar kasuwa, shi ya sa ɗariƙarmu ba ta mutanen mishan na Wusasa ba ce, tamu ƙarama ce, ba wanda ya damu da mu. Gida bakwai suka karɓa. Shekara biyu suna sujada a gindin tsamiya, ruwa na korarsu. Kakanku Yusufu magini ne, a cikin birnin Zariya ya koyi aiki, ubangidansu ɗaya da wani Malam Tanimu. Da kakanku ya shiga wannan addini dangi suka juya masa baya. Malam Tanimu bai juya ba. Ya zo da jakinsa da igiyarsa ya yi rani guda a gidanmu, yana sallarsa a bayan rumbu, yana hawa bango da su. Ba a haife ni ba a lokacin, amma daga bakin su biyun na ji, ba sau ɗaya ba. Babu sunan ko ɗayansu a littafin.

Ba siminti, ba ƙusa, ba kwano. Jar ƙasa suka haƙo a kududdufin bayan gari, aka jiƙa, aka tattake da yankakkiyar ciyawa, aka bar ta ta kwana da kwanaki kafin a mulmula tubali. Tubalinmu ba kamar bulo yake ba, gindi faɗi, kai tsini, hannu ke yin sa. Gindin bango ya fi kamu biyu, yana hawa yana ramewa. Azara daga namijin giginya aka tsaga, wanda gara ba ta ci. Kakanku ya ce ba ya son ginshiƙi a tsakar ɗaki, kada wani ya laɓe a baya yana gyangyaɗi. Sai suka ta da bakan gizo biyu, ɗaya daga gabas zuwa yamma, ɗaya daga kudu zuwa arewa. Azara kan azara, kowace ta ɗara 'yar'uwarta kaɗan, ana ɗaurewa ana shafe ta da ƙasa, har suka haɗu a sama suka gitta juna. A mahaɗar aka manna farar tasa ta kakarku. Da aka gama, mai bishara na lokacin ya fara damuwa ba su da katakon da za a yi gicciye. Malam Tanimu yana wanke hannu ya ce:

"Ku ɗaga kai, ga abinku can. Ni dai irin ginin da nake yi wa masallaci na yi muku, ban ƙara ko dunƙule ɗaya ba."

Wurin zama dakali ne na ƙasa, layi-layi. Mata suka yi daɓe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, har ƙasan ɗakin yana ƙyalli. Tagogi ƙanana ne, can sama. Indararo huɗu dogaye, masu jefa ruwan rufi nesa da gindin bango. Ƙararrawa guntun ƙarfen dogo ne a rataye a tsamiya. A baya aka liƙa wani ɗan ɗaki na ajiye ganguna da rigar mai bishara. Ku riƙe wannan ɗan ɗakin a ranku. Cikin bazara, ran da kaza ke buɗe baki don zafi, in ka shiga majami'ar nan sai ka ji kamar ka sa kai a cikin randa.

Ginin ƙasa yana da haƙƙi ɗaya a kan masu shi, yaɓe. A ƙasar nan hadari daga gabas yake tasowa, bangon gabas shi ke shan duka. Don haka kowace shekara, Litinin ɗin bayan Ista, kafin ruwa ya sauka, gari duka yake fitowa. Maza su kwaɓa ƙasa, mata su dafa makuba da tuwo, magini ya hau rufi ya toshe tsaga, ya share indararo, a shafe bango da tafin hannu, gabas sau biyu. Yini ɗaya ne a shekara. Tun ina saurayi kakanku ya koya mini in ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa in saurara. Bango mai lafiya muryarsa a toshe take. Ya ce mini ƙasa kamar fatar mutum ce, tana shan ruwa tana fitarwa, in ka hana ta gumi ka kashe ta. Da ya rasu aikin ya dawo hannuna. Shekara goma sha wani abu na yi ina jan yaɓen nan, ko ɗigo bai taɓa sauka a kan mai sujada ba.

Sai shekarar da Ayuba ya dawo. Ayuba sa'ana ne, tare aka yi mana baftisma a rafi, ubansa na cikin gida bakwai ɗin nan. Ya tafi Kaduna ya zama ɗan kwangila, Allah ya buɗa masa. Ba mugu ba ne, zan faɗi wannan sau ɗaya. Kunya yake ji. Ƙauyen da ke gaba da mu sun yi cocin bulo da kwano, shi kuma in ya kawo abokansa gida sai ya nuna musu ɗakin ƙasa mai kama da zauren dagaci. Ya zo da mota shaƙe da siminti, kyauta. Ba rushewa za a yi ba, in ji shi, shafe ta za a yi ciki da waje har rufi, a yi fenti, a huta da yaɓe har abada. Bayan sujada dattawan ikilisiya suka zauna a kan dakali, mai bishara Malam Sila a gaba, mata a bakin ƙofa suna ji. Kowa ya yi godiya. Uwarku Rifkatu ma ta yi guɗa, na ji muryarta. Sai Malam Sila ya juyo ya ce ni ne magini, yaushe zan fara.

Na ce ba zan fara ba. Na ce siminti da ƙasa ba sa zama tare. Siminti zai tsage ko da kamar gashi ne, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa ta inda zai fita. Danshin ƙasa kuma zai hau ta gindi, shi ma ba mafita. Bango zai ruɓe a ciki, waje yana ƙyalli. Iyakar abin da na faɗa ke nan, ban iya wa'azi ba. Ayuba ya yi dariya ya dafa ni.

"Iliya, faɗi gaskiya. Tuwon ranar yaɓe kake jin tsoron ya ƙare."

Aka kwashe da dariya, har da Malam Sila. Wani ya ce ai a Kaduna injiniyoyi ke gini, ba masu sauraren bango ba. Raina ya ɓaci. Na miƙe na nuna da hannu na ce:

"In kun shafa masa siminti, bangon gabas ɗin nan ba zai ga damina ta huɗu ba."

Dariya ta tsaya. Wata tsohuwa a bakin ƙofa ta rufe bakinta da hannu. Malam Sila ya ce in janye maganar, a cikin ɗakin Allah muke. Ni ban gane ba. Na ce me zan janye, ai ba ni na ce ruwa ya riƙa zuwa daga gabas ba. Na sa takalmina na fita. Sai a gida uwarku ta fahimtar da ni abin da suka ji. Ni lissafin magini na yi, kamar yadda manomi zai dubi gero ya ce saura sati uku. Su kuwa baki suka ji na yi. Ku 'yan birni ba ku san wannan ba. A da ana jin tsoron magina, ana cewa suna da asiri, in ka ɓata wa magini rai zai yi wa ginin magana ya zube. Kakanku ya ƙone layunsa a gaban mutanen nan kafin ya shiga ruwan baftisma. Ubannin waɗanda ke zaune ran nan su suka hura wutar. Amma ɗan magini ya nuna bango da yatsa ya yanka masa wa'adi, nan take suka manta da wutar suka tuna da layun.

Aka kawo birkiloli daga Kaduna. Suka shafe ta ciki da waje, suka shafe rufi, suka cire indararo huɗun nan wai ƙauyanci ne, suka sa siririn bututu. Aka yi farin fenti. Ba zan yi ƙarya ba, ta yi kyau, daga kan hanya kana hango ta. Simintin ya ƙare kafin a kai ɗan ɗakin baya, aka ce ba komai, ba mai ganinsa. Litinin ɗin bayan Ista ta zo ba wanda ya kwaɓa ƙasa, aka yi ƙwallo a fili. Damina ta farko ta wuce lafiya. Ran da aka yi ruwan ƙarshe mutane suka riƙa ɗaga mini yatsa ɗaya a hanyar gona, suna cewa Iliya, ɗaya. Shekara ta zagayo, Iliya, biyu. Ban daina zuwa sujada ba. Ina zuwa da wuri in ƙwanƙwasa bangon gabas. A shekara ta biyu muryarsa ta canza, ya fara amsawa kamar ƙwarya a kife. Simintin ya rabu da ƙasa ke nan. Na hau rufi ban nemi izini ba, na tarar bututu biyu sun toshe da ganyen tsamiya, ruwa ya kwanta, ga tsaga kamar zare ko'ina. Na gaya wa Malam Sila. Ya ce in bar neman hanyar cika maganata.

A damina ta uku, cikin watan da ruwa ba ya ɗaukewa, na shiga ran Asabar na ji wari. Warin ruɓaɓɓen itace ne. Na duba inda bakan gizo ya dafa bangon gabas, fenti ya kumbura, na danna da babban yatsa ya shige. Washegari Lahadi na riga kowa zuwa, na tsaya a bakin ƙofa da sanda na ce ba mai shiga, a yi sujada a gindin tsamiya kamar yadda iyayenmu suka yi. Mutum huɗu suka ɗauke ni cak suka ajiye a gefen hanya, ɗaya ƙanen uwarku ne. Jama'a suka shiga. Rifkatu ta tsaya ta dube ni, kina goye a bayanta, Hannatu. Na ce kada ta shiga. Ta ce ita ke jan waƙar zumuntar mata ran nan, in ta tsaya a waje an ce ta bi bayana. Ta shiga. Na zauna a ƙasa ina kallon bangon nan tun waƙar farko har albarka. Na yi yunwa a rayuwata, na faɗo daga bene, na ga rikicin da aka yi a garin nan da idona. Babu wanda ya kai wannan zaman. Aka tashi lafiya, suka fito suna dariya.

Kwana tara bayan nan, ran Talata da rana tsaka, kowa yana gona. Na ji ƙara kamar an juye motar tsakuwa. Ban tambayi kowa ba, na yar da fartanya na ruga. Bangon gabas ya zauna, bakan gizo ya bi shi, rufi ya rufta kan dakalin da mata ke zama. Ba kowa a ciki, ko akuya. Na shiga cikin ɓaraguzan na ɗauko shaida da hannuna. Simintin ya ɓare falle-falle kamar ɓawon ƙwai, ƙasar da ke bayansa ta zama kunu, bakin azara ya yi baƙi, ina matsawa yana fitar da ruwa. Na ɗaga na ce ku duba. Wallahi ba wanda ya dubi hannuna. Bakina suke kallo. Na ji wata na cewa damina ta huɗu ya ce, ga shi ba ta gani ba. Na tsinci tasar kakarku a lotse, na sa a riga na tafi gida. Tana nan ƙarƙashin gadona.

Dattawa suka zauna, Ayuba ya zo daga Kaduna. Shi ɗan kwangila ne, ya san siminti. Na ga ya ɗauki ɓawon simintin nan ya juya shi, ya shinshina, ya ajiye a hankali. Ya gane. Na jira ya buɗe baki, bai buɗe ba. In ya ce siminti ne, kyautarsa ce ta kayar da ɗakin Allah, su kuma dattawa su suka yi godiya. In aka ce bakina ne, mutum ɗaya ne ya yi laifi. Hukuncinsu shi ne an dakatar da ni daga Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke tarayya a kai, sai ran da na tsaya gaban ikilisiya na ce na yi wa majami'a baki, na tuba. Suka ce ba wuya, kalma biyu ce. Da muka koma gida uwarku ta zuba mini tuwo ta zauna kusa, abin da ba ta saba ba.

"Baban Hannatu, ka faɗa kawai. Allah ya san ba ka yi ba. Ni ma na sani."

"In ya sani, don me zan tsaya a ɗakinsa in yi masa ƙarya?"

"Don mu. Don kada 'ya'yanmu su tashi da wannan suna."

"In na faɗa, shi ne za su tashi da shi."

Ta ce taurin kaina ya fi simintin Ayuba. Na ce aƙalla nawa ba ya ruɓar da abin da ke ciki. Ba ta yi dariya ba. Ta kwashe kwanon ta fita.

Ban faɗa ba. Daga nan ba wanda ya ƙara kirana in ɗora masa ko katangar bayi. Mata suka daina sayen ƙulin uwarku. In na wuce, mutum sai ya matsa ya tsaya tsakanina da bangon gidansa, kamar ban gani ba. Da kaka ta yi muka tattara muka zo Tudun Wada, ɗaki ɗaya. Ni da na gaji bakan gizo na koma lebura, ina ɗaukar bulo a unguwannin Kwangila da Hanwa da Gyallesu har na zama birkila. Shekara talatin ina cikin siminti, ya cinye mini tafin hannu. Ba ni da faɗa da siminti, a kan bulo abin kirki ne. A nan ma muna zuwa coci, kun sani, kuna ganina a bencin baya. Sun nemi takardar shaida daga ikilisiyar gida kafin in ci Jibi, gida kuma ba za su bayar ba sai na tuba. Wani fasto ya ce in zo kawai, ba wanda zai tambaya. Na ce ban saci komai ba, ba zan shiga ta taga ba. Duk ran Jibi uwarku takan tashi ita kaɗai ta je gaba ta durƙusa, ta bar wuri a gefenta na dama daidai faɗin mutum. Ba ta taɓa barin wani ya cike wurin ba. Ina gani daga baya.

Kuna tuna duk Ista takan tafi ƙauye ta kwana biyu, wai gaida tsohuwarta. Tsohuwar ta rasu ba ta daina zuwa ba. Shekara ta uku da tasowarmu na lura da jar ƙasa a ƙarƙashin farcenta da warin makuba a zanenta. A lokacin Ayuba ya riga ya gina musu sabuwar majami'a ta bulo da kwano a kan tsohon wurin, sai ɗan ɗakin baya da aka bari don ajiya, wanda siminti bai kai gare shi ba. Na jira ta gama wanke kayan da ta zo da su na ce:

"Kin sa makuba?"

"Na sa."

"Gabas fa?"

"Sau biyu."

Ba mu ƙara magana a kai ba har ta koma ga Allah. Shekara ashirin da wani abu tana yaɓe ɗakin nan ita kaɗai, mace, tana hawa tsani, mutanen gari suna cewa ibadarta ce. A can aka binne ta, ita ta roƙa. Ran jana'iza na tsaya a waje, kun ɗauka baƙin ciki ne ya hana ni shiga. Zagawa na yi baya. Ɗakin na nan tsaye, sawun yatsunta a jikin bango tun daga ƙasa har inda hannunta ya kai. Na ƙwanƙwasa. Muryarsa a toshe, lafiya lau. Ƙasa ɗaya aka gina su da bangon da ya faɗi, rani ɗaya, hannu ɗaya. Wai tsufa. Daga shekarar na karɓi aikinta.

Istar da ta wuce na je kamar kullum. Gwiwa ba ta barina hawa yanzu, iyakar inda hannu ya kai nake yi, in ɗaura tsumma a gora in kai sama. Da rana ta take na shiga ciki in huta, sai na tarar da mutum zaune kan kujerar roba tsakanin janareta da tarin benci. Ayuba ne. Ya tsufa, ido ɗaya ya tafi, ya dawo ƙauye da zama. Ashe nan yake zuwa ya yini in zafi ya yi yawa, don cocin da ya gina tanda ce, fanka shida ba sa maganinta. Muka gaisa kamar jiya muka rabu. Ya tambayi gwiwa, na tambayi ido. Ya shafa bango ya ce:

"Akwai sanyi a nan."

"Ƙasa ce."

Can ya ce ana shirin babban biki, shi ne shugaban kwamiti. Malam Sila ya mutu, dattawan nan duk sun mutu, saura ni da shi. Ya ce in zo in ci Jibi, ba wanda zai ce in tuba, an yafe. Na ce me aka yafe? Ya ce Iliya, abin ya wuce. Na ce bai wuce ba, jikokina na amsa sunan. Na ce ba na son kujerar gaba, ba na son riga. Ya tsaya gaban jama'a ya ce siminti ne, kalma biyu, daidai da waɗanda suka nema a wurina. In ya faɗa, ran nan zan durƙusa a gefensa mu ci tare. Sai ya ce zai duba. Na koma na gama bangon gabas.

Abin da ya duba shi ne littafin nan mai shuɗin bango. Sunansa na shafin ƙarshe, shi ya sa hannu. A cikin ɗakin da ya ce babu shi yake shan iska.

Don haka ga abin da nake so. Kada ku je ku yi faɗa da kowa, tsoho ne, Allah na jiransa kamar yadda yake jirana. Ku ɗauki 'ya'yanku ku kai su bayan cocin, ku sa su ƙwanƙwasa bangon da yatsa su ji. Ku ce musu Yusufu da Tanimu suka gina, Rifkatu ta riƙe. Dauda, kai ka ce hannunka na ofis ne. Ƙasa ba ta tambaya. Litinin ɗin bayan Ista, gabas sau biyu, kada ka bar kowa ya kawo maka siminti ko kyauta ne. In na mutu ku sa ni kusa da uwarku, ku sa tasar nan a tsakaninmu. Za a samu wani mai kirki ya miƙe a jana'iza ya ce Baba Iliya ya tuba kafin ya cika, don a ji daɗi. Hannatu, ke ce babba, ki tashi ki ce ƙarya ne.

Abu ɗaya ne na kasa daidaitawa, shi ma ku sani. Na yi gaskiya a kan bango, zan maimaita a gaban kowa. Amma matar nan ta durƙusa shekara da shekaru da wuri a buɗe a gefenta, tana jira, ni ina baya da gaskiyata a hannu. Ba ta taɓa waiwayowa ba. Wannan ba Ayuba ya yi mata ba. In akwai tuban da ke kaina, nata ne, kuma ba a gaban kwamiti zan yi shi ba.